Kar Ki Kalle Ni Ina Tafiya

Daga kujerun baya dariyar ta taso, kafin Auta ta ankara ta cinye zauren gaba ɗaya.

"Innalillahi..." ta faɗa can ƙasan maƙoshi, tana tsaye a gaban kwamfutar.

A jikin babban allon majigi, jarumin gem ɗin kwamfutar da suka shekara suna ginawa ne yake ratsa wata gada, yana ɗan jan ƙafarsa ta hagu. Duk sanda ƙafar ta taɓa ƙasa sai lasifika ta yi ƙiiit... ƙiiit... kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Auta ba ta taɓa jin wannan sautin ba. Ƙarar takalmi kawai aka shirya za a sa.

"Kai! Wallahi Dogo ne!" wani ɗan aji ya ƙwala daga baya. "Dogo ne sak!"

Ba ta so ta waiwaya ba, amma wuyanta bai yi shawara da ita ba.

Dogo yana layin gaba, kusa da mahaifiyarsa da ta ci ado ta zo ganin aikin kammala karatun ɗanta. Bai kalli allon ba. Ita yake kallo.

Sai ya miƙe.

Ƙofar fita tana can ƙarshen zauren, dole ya ratsa tsakiyar jama'a. Nan take dariyar ta mutu, kowa ya zuba wa ƙafarsa ido. Shirun nan ya fi dariyar ciwo, domin a cikinsa ana jin takunsa tiryan-tiryan har ya fice.

"Dogo!" ta kira, muryarta ta karye. "Dogo, tsaya!"

Ko waige bai yi ba.

Su uku ne a aikin. Dogo ne mai rubuta umarnin da ke sa gem ya yi aiki, Auta ce mai zane da ba shi motsi, sauti kuma na hannun Sarauniya. 'Yan aji ne suka laƙa mata sunan, saboda ko jakarta ba ta ɗauka da kanta in dai akwai namiji a kusa. 'Yar ƙanwar mahaifiyar Dogo ce, kuma tun suna shan nono iyaye mata suka gama ɗaura musu aure a baki.

Dogo kuwa mota ce ta taɓa shi yana ƙarami, ƙafar ta warke amma ba ta koma daidai ba. Shi ne farkon shiga aji, shi ne ƙarshen fita, ana ta yabonsa da ƙwazo. Auta ce kaɗai ta gane ba ƙwazo ba ne, ba ya son a gan shi yana tafiya ne.

A shekararsu ta biyu, ranar da ya ce yana sonta, sai da ya gama kame-kame sannan ya sunkuyar da kai.

"Auta... ƙafata ba ta dame ki ba?"

"Wace ƙafa?" ta ce, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Ke dai faɗi gaskiya."

"Wallahi ni surutunka ne ya dame ni. Ƙafa kuma me ta yi?"

Ya yi dariya har da ƙwalla.

"Hasken idona," ya ce, "ke ce mutum ta farko da kika kalle ni ba ki gan ta ba."

Ƙarya ta yi masa, irin ƙaryar da so ke sa mutum ya yi yana ganin alheri ya shuka. Ta gani mana! Mai koyon ba zane rai ai kallon tafiyar mutane ne abincinta. Ta san yadda kafaɗarsa ke sauka kafin ƙafar ta biyo, ta san yadda yake ɗan dakatawa a bakin matakala kamar mai tuna wani abu. Kuma duk tafiyar da Allah Ya halitta, babu wadda take so kamar wannan.

Da aka zo aikin ƙarshe, ta yi wa jarumin tafiya miƙaƙƙiya irin ta littafi. Malaminsu ya kalla ya taɓe baki.

"Wannan ai gawa ce ke yawo. Je ki zano min tafiyar wani mai rai, wanda kika sani."

Mutum ɗaya ta sani haka.

Ta ɓoye wa Dogo, wai za ta ba shi mamaki. Ɓoyon bai yi wuya ba, domin shi da wani ɗan akwati mara fuska yake gwajinsa, sai a ƙarshe ake cire akwatin a sa zanen gaske. Ana gobe baje koli ta miƙa wa Sarauniya fayil ɗin ta sa ƙarar takalmi. Ta ba kura ajiyar nama, ta tafi gida tana murmushi.

A gida, bayan abin ya faru, Baba bai ko ɗaga kai daga rediyonsa ba.

"Dama na faɗa. Shekara huɗu ana karatun 'yan tsana, ga abin da ya haifa."

"Haba Malam," in ji Umma, "yarinya na kuka kana ƙara mata?"

"To in yi guɗa? Da ƙyar kika shawo kaina na ce yaron ya turo magabatansa. Yanzu wa zai turo?"

Auta ta shige ɗaki ta kifa kai a filo. Ta kira wayar Dogo har yatsanta ya gaji, a kashe. Washegari ta wanke ƙafa ta tafi gidan su Dogo, abin da ba ta taɓa yi ba. Mahaifiyarsa ce ta buɗe ƙofa, ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙyauren.

"Ina wuni, Mama..."

"Ban haife ki ba."

"Don Allah ki saurare ni, wallahi ba ni na sa wannan sautin ba..."

"Ni na yi jinyar ƙafar nan," matar ta ce, idonta jajir. "Ni na goya shi yana da shekarun da ba a goyo. Na hana 'yan unguwa su yi masa waƙa, na hana 'yan uwansa su kwaikwaye shi. Sai ke, da kika yi karatu, kika haska shi a bango duniya ta yi dariya!"

"So ne ya sa, Mama..."

"In wannan ne so, Allah Ya raba ɗana da shi."

Ta bayan kafaɗarta Auta ta hango Sarauniya a falo, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana danna waya.

"Ke!" Auta ta ɗaga murya. "Ki ji tsoron Allah ki faɗi abin da kika yi!"

"Ni?" Sarauniya ta zaro ido, ta dafa ƙirji. "Kuskuren fayil ne, 'yar uwa, kowa na yi. Ni dai ban zana Yayana yana ɗingishi ba."

Aka rufe ƙofar.

Makonni suka shuɗe. Sakamako ya fito, aikinsu ne ya zo na ɗaya, malamin har yana cewa bai taɓa ganin tafiya mai rai irin wannan a hannun ɗalibi ba. Auta ta karɓi yabon kamar an miƙa mata garwashi. Ta rame, ta daina zane, ko fensir ta gani sai gabanta ya faɗi.

Ranar da aka ce kowa ya kwashe kayansa daga ɗakin kwamfuta, ta bari sai da la'asar, lokacin da ta san an watse. Ɗakin ya yi fayau, kujeru a kife kan tebura, fankar nan mai ƙara tana ta juyi ita kaɗai.

Yana zaune a mazauninsu na kullum, kusa da taga.

Jakarta ta suɓuce ta faɗi.

"Dogo..."

"Zauna, Auta."

Ta zauna a bakin kujera. Ya rame shi ma, gemunsa ya taru ba gyara.

"Wallahi tallahi ba ni na..."

"Na sani," ya katse ta a hankali. "Tun ranar na duba. Kwamfuta ba ta ɓoye wanda ya taɓa fayil. Sarauniya ce."

Wani sanyi ya ratsa ta, ta fashe da kuka har da dariya a ciki.

"Alhamdulillahi! To ka faɗa wa Mama! Ka faɗa mata, masoyina, komai zai..."

"Na faɗa mata. Na kuma ce ko mata sun ƙare ba zan auri Sarauniya ba."

"To shi ke nan ai!"

Ya juya wani ɗan murfin biro a hannunsa, ya sake juyawa.

"Sautin nata ne," ya ce. "Tafiyar fa?"

Dariyar ta daskare a fuskarta.

"Na kashe sautin na buga gem ɗin ni kaɗai, har ƙarshe. Na ga yarinyar da kika sa a ƙetaren gada, na ga ta rugo ta tare shi. Na gane abin da kike nufi, Auta. Na yi kuka."

"To me ya rage? Ka ga ai sonka nake, da ƙafar, da komai!"

"Kafaɗarsa tana sauka kafin ƙafar ta biyo," ya ce, kamar bai ji ta ba. "Yana dakatawa a bakin matakala. Ni kaina ban san ina yin haka ba sai da na gani a hannunki. Wanda ya zana wannan ba jiya ya fara kallo ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Kika ce min wace ƙafa."

"Don kar ka ji ciwo ne..."

"Na sani. Amma kin san me wannan maganar ta zame min? Duk duniya a gabanki kaɗai nake tafiya ban tuna da ƙafar ba. Ina zuwa wajenki in huta. Ashe a nan aka fi kallona."

"Kallon so ne, Dogo! Wallahi kallon so ne!"

"Ban musa ba, hasken idona." Ya ajiye murfin biron. "Na gwada. Sau nawa ina zuwa bakin layinku in juya. Da na tuna zan tako zuwa ƙofarku kina gani, sai ƙafar ta yi min nauyi kamar ba tawa ba. Yaya zan zauna gida ɗaya da ke ina lissafin kowane taku daga ɗaki zuwa falo?"

"Zan goge shi! Yanzun nan zan buɗe in miƙe masa ƙafar, in mayar da shi kamar kowa!"

Ya yi wani murmushi wanda gara kuka da shi.

"Shi kam za ki iya."

Ta zame daga kujerar ta durƙusa, ta riƙe gefen teburin.

"Don girman Allah kar ka bar ni. Ka ba ni lokaci, za ka manta..."

"Ke za ki manta? Idonki zai daina gani?"

Ta buɗe baki. Ƙarya ɗaya ta riga ta cinye mata shi, ba ta da ƙarfin yin ta biyu. Ta mayar da bakin ta rufe, shi ma ya gane amsar.

Ya ɗauki jakarsa ya rataya, ya miƙe tsaye, amma bai motsa ba.

"Alfarma ɗaya nake roƙo."

"Faɗi... ko mene ne."

"Ki juya baya. Kar ki kalle ni ina tafiya."

Ta daɗe tana kallon fuskarsa, tana haddace ta. Sannan ta tashi ta koma kan kujera, ta fuskanci kwamfutar da ke kashe. Sai ga shi a cikin baƙin gilashin, tsaye a bayanta, ƙarami. Ta runtse ido da ƙarfi, domin ta yi alkawari.

Ta ji ya fara takawa a hankali, yana ƙoƙarin daidaita sawunsa, ko yanzu ma bai yarda ba ta kallo ba. Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Takun ya bi doguwar barandar, ya ɗan dakata a bakin matakala, daidai inda ta san zai dakata.

Ba ta buɗe ido ba.

Sai da komai ya yi tsit ta lura da yatsunta biyu a kan teburin, suna ta tafiya su kaɗai, ɗaya na takawa da ƙarfi, ɗaya na biyo shi a hankali.