Kujerar Kumatu

"Ki zaunar da ita a wannan mu gani," in ji Dogo, yana dafa wata doguwar kujerar cin abinci ta yara.

Malama ta ƙara rungume 'yarta Kumatu, ta kau da kai. Kwana da kwanaki ke nan ba ta ɗaga wayarsa. Yau ma da bai aiko mata cewa maganar Kumatu ce ba, da ƙafarta ba ta taka shagon kayan yaran nan ba.

"Sauri nake yi," ta ce. "Ka faɗi abin da ya sa ka kira ni."

"Ga shi kina gani. Yarinya ta iya zama, ta fara cin abinci, kullum kina fama da ita a cinya, cokali na gabas bakinta na yamma."

Ta so yin dariya, amma ta haɗiye.

Tana da cikin Kumatu mijinta ya rasu. Ta haihu, ta koma koyarwa, ta ɗauka ta gama da maganar so. Sai ranar da zazzaɓi ya kama jaririyar ta shiga kantin magani na bakin titinsu a ruɗe, mai kantin, wanda kowa ke kira Dogo, ya kwantar mata da hankali, washegari kuma ya biyo ya duba jikin yarinyar. Shi ya laƙaba mata Kumatu. Tun daga nan bai daina biyowa ba, har magana ta kai gaban iyaye.

Sai kuma yayarsa ta same ta a makaranta, ta ja ta gefe, da murmushinta.

"Mama ta amince, amma ke kaɗai. Yarinyar ki bar wa mahaifiyarki. Shi ma ya yarda, kunyarki ce ta hana shi faɗa."

A ranar Malama ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, ta kuma yanke shawara. Wanda ba zai ɗauke ta da 'yarta ba, ya bar su su biyun. Shi ya sa yanzu take kallon kujerar nan a matsayin kyautar sallama.

Mai shagon, wata mata mai fara'a, ta jawo wata ta roba mai ruwan hoda.

"Wannan naɗewa take yi, ba ta cin wuri."

Dogo ya ɗan girgiza ta, ta yi rawa. Ya girgiza kai.

"Kumatu fa ba ta zama shiru. Idan ta ga ayaba, duk jikinta take murna da shi."

Ya nuna wata mai taushin katifa da hoton zomo.

"Wannan fa?"

"Ba ta da maɗauri tsakanin ƙafafu," Malama ta ce kafin ta ankara. "Sulalewa za ta yi ta ƙasa. Kuma duba ɗinkin nan, nan abinci zai riƙa maƙalewa, wa zai wanke?"

"Ni," ya ce a hankali.

Ta yi kamar ba ta ji ba.

Can ƙarshen layi akwai wata ta katako, ƙafafunta a buɗe, da wurin ɗora ƙafa, farantin gabanta kuma ana cirewa. Ya danna ta da ƙarfinsa, ko motsi. Sai ya tsaya kusa da ita ya gwada tsayinta da ƙugunsa, ya ja baya, ya sake gwadawa.

"Daidai," ya ce. "Nan teburin yake kawo mini. Idan aka cire farantin, sai a matso da ita ta ci tare da mutane."

"Wane teburi? Ka san ɗakina babu teburi."

"Na gidana mana."

Malama ta ɗago ta dube shi.

"Gidanka...?"

"To ina kuma? Ko a tsaye za ta riƙa cin abinci bayan biki?"

Idanunta suka cika. Ta yi ƙoƙarin riƙe muryarta, amma ta ƙi riƙuwa.

"Yaya ta ce ka yarda in bar ta wajen mahaifiyata."

Ya tsaya cak. Fara'ar da ke fuskarsa ta ɗauke.

"Yaya ce ta faɗa miki haka?"

Ta gyaɗa kai.

"Shi ya sa kika daina ɗaga wayata?"

Ta sake gyaɗa kai, hawaye na sauka a kan gashin Kumatu.

Ya ja numfashi, ya shafa fuskarsa.

"Ƙawarta take so in aura, na daɗe da sani. Amma ban zaci za ta kai nan ba. Ki saurare ni, masoyiyata, ba zan ɓoye miki komai ba. Mama ta ƙi da farko, gaskiya ne. Ta ce riƙon ɗan wani ba wasa ba ne. Na ce mata su biyu nake nema, idan babu ɗaya babu ɗayar. Ta yi fushi, ta daina yi mini magana."

"Ka gani ko..."

"Bari in ƙarasa. Jiya na je gaishe ta, ta karɓi wayata ta daɗe tana kallon hoton yarinyar nan. Sai ta ce, 'Tunda ka nace, je ka nemo abin da za a riƙa zaunar da ita, ni gwiwoyina sun gaji.' Kin san Mama, iyakar amincewarta ke nan."

Malama ta yi dariya cikin kuka, ta share fuska da bakin mayafinta.

"Me ya hana ki tambaye ni?" ya ce.

"Tsoro na ji. Kada in tambaya ka ce gaskiya ne."

"Ki riƙa tambayata, ko me kika ji. Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Ya miƙo hannu, Kumatu ta yi zillo ta faɗa jikinsa ta damƙi gemunsa. Ya zaunar da ita a kujerar katakon, ya durƙusa yana ɗaure mata maɗaurin, manyan yatsunsa na ta lalube.

"Ka matse da yawa," Malama ta ce, ta durƙusa kusa da shi. "Ka bar wurin da yatsa zai shiga."

Suka gyara tare. Kumatu ta dube su, ta dubi farantin, ta ɗaga hannuwa biyu ta buga shi tim, ta ƙyalƙyale da dariya har haƙoranta na ƙasa suka bayyana.

Mai shagon, wadda tun ɗazu ta koma gefe tana goge abin da ba shi da ƙura, ta matso.

"To ga mai kujera ta zaɓa da kanta. Baban yarinya, a sa muku a kwali?"

Dogo ya juyo ya dubi Malama, yana jira ya ji ko za ta gyara wa matar magana.

Malama ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Da kai fa ake," ta ce. "Ka amsa mana."