Ƙanzon Doña Chichí

Kowa a unguwarmu ta bayan kasuwar San Juan ya san Eleuterio, wanda muke kira Tello. Kanti gare shi ɗan ƙarami, irin wanda ake sayen man girki cokali biyu. Da annoba ta zo aka hana fita, manyan motoci suka daina shigowa, albasa na ruɓewa a gona, mu kuma muna layi a kan gwangwanin kifi ɗaya. Kantar Tello ta koma ƙura da gizo-gizo. Ba yunwa ce ta dame shi ba, ayaba na nan a bayan gidansa. Abin da ya hana shi sukuni shi ne ganin mutane riƙe da kuɗi, shi kuma ba abin sayarwa.

Ranar wata Talata da rana tsaka ya hau babur ya nufi dutse, wurin boka Don Melitón. Ɗakin ba taga. Hotunan waliyyai duk an juya fuskarsu bango, jan kyandir na ci a cikin ƙwaryar jini, ga warin giyar rake da taba. A ƙarƙashin tebur wani baƙin kare na kwance, ba ya ƙifta ido.

"Kaya kake so," in ji tsohon, tun kafin ya zauna.

"Kaya, Don. Kada kantina ya sake bushewa."

Boka ya ɗinke bakin wani buhu da babu komai ciki da baƙin zare, ya fesa masa giya daga bakinsa.

"Ajiye shi a ƙuryar kanti. Duk duniya ta ci, ba komai. Amma jininka da matarka, wanda ya sa ƙwaya ɗaya a baki, na wancan ne." Ya nuna karen da leɓe.

Tello ya yi dariya. "Shi ke nan? Ai gidana ni ke da iko da tukunyarsa."

"Haka ne," in ji boka. "Kuna da maƙwabtan kirki?"

"Ba kamarsu."

"Madalla."

Washegari buhuna har rufi: shinkafa, wake, mai, sukari. Ba mu ga mota ba, kuma wallahi ba wanda ya tambaya. Ya ninka farashi, muka saya muna godiya. Gidansa kuwa kullum ayaba da rogo. Matarsa Nurys ta gaji.

"Kai wane irin marowaci ne? Shinkafa har rufi, 'yarka na lashe cokali?"

"Jari ne, mace. Kar wanda ya taɓa."

Abin da ya manta, a unguwarmu ba a cin abincin rana sai an miƙa wa maƙwabci faranti ta kan shinge. Doña Chichí, tsohuwar da ke jikin gidansu, ta sayi shinkafa a wurinsa, ta dafa, ta kankaro ƙanzon, ta zuba romon wake a kai, don ta san mahaifiyarsa Doña Fefa na mutuwar son ƙanzo.

Tello ya shigo ya tarar da cokali a hannun uwarsa, Chichí na jingine da shinge.

"Maƙwabci, shinkafarka ce fa! Tun da ka hana tsohuwa, ni na ba ta."

Kalma ɗaya ta isa ya hana uwar ci. Amma in ya yi magana, kafin la'asar unguwa ta san inda buhunan suka fito. Ya tsaya yana kallo har ta cinye, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Daga ranar Doña Fefa ba ta ƙara ƙoshi ba. Tana ci tana kukan yunwa, tana ramewa, har ta mutu da bakinta a buɗe. Aka ce annoba ce, aka binne ta ba taro.

Sai kwanakin addu'a tara suka zo. Tun da an hana zaman makoki, kowane gida ya dafa ya ajiye tukunya a ƙofarsu, kamar yadda aka saba. A ina muka sayi shinkafar? Tello ya dawo daga maƙabarta ya ga Nurys da 'yarsu Yaneli zaune a gaban tukwane. Ya yi ta watsi da abincin a kwata yana ihu, muka ce baƙin ciki ne. Yarinyar ta riga ta ci.

Yaneli ta bi kakarta. Nurys tana asibitin mahaukata, tana tauna bakin zanenta. Ranar da Tello ya fito tsakiyar titi ya faɗi komai da bakinsa, aka fasa kantin, buhunan duk ƙasa ce a ciki.

Doña Chichí ba ta sake miƙa faranti ta kan shinge ba. Mun gaya mata ba laifinta ba ne, ta ce ta sani, amma hannunta ne.

To, mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, ka ji. Boka ba ya kafa maka sharaɗin da bai riga ya ga inda zai karye ba.

Tello na nan a bakin rufaffen kantin, ya koma ƙashi da fata. In ka kai masa abinci sai ya riƙe hannunka ya tambaya a ina ka sayi shinkafar. In ka ce a wani kanti ne, sai ya mayar maka.

"Ba ita ba ce," yake cewa. "Tawa nake nema."