Wanda Ya Kalli Walda Jiya

"Mami! Wayyo Mami, idona ba ya buɗuwa!"

Da lalube na fito falo da safiyar nan, hawaye na zuba ba tare da na yi niyyar kuka ba. Ji nake kamar an ɗebo yashin gini an watsa min a ido.

"Innalillahi! Nabilah, me ya same ki?"

"Walda ce, Mami..."

"Na faɗa! Alhaji, fito ka gani, yaron nan mai walda ya makantar min da 'ya!"

Bari in faɗi gaskiya, ni karambani a jinina yake. Tun ina firamare babu rediyon da ban kwance ba a gidanmu. Ina zaman jiran aiki bayan bautar ƙasa aka kira Sadisu ya gyara mana ƙofar gida a Lugbe, na tsaya daga nesa ina jero masa tambayoyi. Yaya ƙarfe biyu suke zama ɗaya? Me ya sa sandar waldar take ƙarewa? Ya amsa duka, bai gaji ba. Tambayoyin suka koma waya, wayar ta koma hira, har na wayi gari ina son shi. Da na faɗa wa Mami, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Ita Umar Farouk ta zaɓa min, ɗan ƙawarta, mai aiki a ma'aikata da ƙamshin turare kamar an yi ɓarinsa.

Makon jiya na sayo ɗan ƙaramin injin walda na ajiye a garejin Abba. Sadisu ya zo ya koya min goge tsatsa da auna ƙarfe da inda ake maƙala wayar ƙasa. Amma da zai tafi, sai ya cire mariƙin sandar ya jefa a jakarsa.

"Haba Oga, in ɗan gwada mana!"

"Hajiyata, sai hular waldarki ta iso. Na san halinki, ina juya baya za ki kunna."

Ya kuwa san halina. Jiya da la'asar Yaya Farouk ya same ni zaune ina kallon inji kamar marainiya. Ya shiga mota, bai jima ba ya dawo da sabon mariƙi a leda.

"Ja miki rai kawai yake yi, baby. Ba ki ganin masu walda a bakin titi? Baƙin gilashi kawai suke sawa."

Na ɗauko gilashin gayuna na ƙwama. Da sandar ta taɓa ƙarfe wani haske ya tashi, shuɗi mai kyau, na ga ƙarfe yana narkewa kamar man shanu a tukunya. Daɗi ya kama ni, na yi ta yi har na ƙone sanda biyar. Shi kuwa yana tsaye a kaina da ido tsirara, yana ta cewa in ƙara.

Duk wannan na zayyana wa Abba da Mami ina kuka. Mami ta kira Farouk ta buɗe muryar wayar.

"Ni, Mami? Wallahi ko garejin ban leƙa ba. Kare mai waldar nan kawai take yi."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba.

Abba mutum ne mai sanyin magana, amma in ya yanke ya yanke. Ya kira Sadisu ya ce ya zo ya kwashe ƙarafansa, kuma daga yau kada ya sake taka masa gida. Na ji kamar in shiɗe, ga ido a rufe, ga wanda nake so za a kore shi a kan laifin da ba nasa ba.

Ko rabin awa ba a yi ba na ji tsayuwar babur ɗinsa. Ya yi sallama ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a fara kai ta asibiti. Kada a ɗiga mata madara ko ruwan albasa, don Allah. Hasken ne ya ƙona saman idon, da magani kwana ɗaya zuwa biyu zai sake ta, in sha Allah."

"Kai ka sa ta?"

Na ji ƙarar ƙarfe a kan tebur.

"Ga mariƙin injinta, Alhaji, kwanansa shida a jakata. Amma walda ba ta rufa wa kowa asiri. Duk wanda ya tsaya kusa da ita jiya, yau idonsa zai faɗa."

Abba ya ce, "Hajiya, kira min Farouk. Ki ce shi zai kai mu asibiti."

"Ya ce yana da mitin..."

"Ki ce ni na ce."

Sai da aka kira sau uku ya iso, a tasi, wai motarsa ce ta ƙi tashi. Ni dai ban gani ba, Mami ce ta ba ni labari daga baya: baƙin gilashi ya sha har rabin fuska, hankici a hannu, yana laluben kujera.

"Cire gilashin nan," in ji Abba.

"Abba, ai... ciwon apolo ne..."

"Cire."

Ido jajir kamar gauta, hawaye shaɓe-shaɓe. Mami ta yi salati ta zauna daɓas. Ni kuwa ga azaba ga dariya, na rasa wadda zan fara.

Mota ɗaya Abba ya zuba mu, majinyata biyu a baya, Sadisu a gaba. Likitar, Dakta Rosemary, ta ɗiga mana magani, ta wanke mu da faɗa tas. A hanyar dawowa na ji Abba ya yi gyaran murya.

"Sadisu, me ya sa ka tafi da mariƙin? Ai ba injinka ba ne."

"Na gwammace ta yi fushi da ni, Alhaji. Idon nan nake fatan zai dinga kallona har tsufa."

Na ja mayafi na rufe fuska, kunya kamar in nutse a kujera. Farouk ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, babu wanda ya kula shi.

Mun kusa gida Abba ya ce, "Su waye manyanka?"

"Suna Yangoji, ranka ya daɗe. Manoma ne."

"To, ka ce ina jiran su."

Mami ta ɗauki wata guda tana kumbure-kumbure, amma ranar ɗaurin aure ita ta fi kowa rawar kai. Har ji na yi tana faɗa wa ƙawayenta wai surukinta injiniyan ƙarfe ne.

Ranar da idona ya buɗe kuwa, kwana biyu bayan asibiti, na fito tsakar gida na sami Sadisu tsaye da Abba, rungume da sabuwar hular walda. Na kalle shi, na sake kallon shi, na ƙi ɗauke ido.

"Hajiyata, Abba fa yana nan..."

"Na sani," na ce. "Kwana biyu ban gan ka ba, ka bari in rama."