Tabaraun Baba Gajere

Ranar da Rahma ta shiga shagon tabarau na unguwar Kawukudi, Zulkifli na riƙe da gilashi a bakin inji, ruwa na tsiyaya a kai, yana goge gefensa a hankali. Da ya ɗago suka haɗa ido, sai ya kashe injin. Ita kuwa baiwar Allah har ta manta abin da ya kawo ta.

Tabaraun babanta ne. Baba Gajere ɗinkin hula yake yi a unguwar Nima, ido ya yi rauni, likita ya ce sai tabarau mai kauri. Firam ɗin tsoho ne, irin wanda ake huda gilashin a ɗaura da ƙusa, kuma marigayiya maman Rahma ce ta saya masa.

Zance ya yi nisa, har Zulkifli ya je gaida Baba. A nan aka kwafsa.

"Baba, gilashi in na huda shi tsagewa zai yi. Roba ce ke jure huda, ga ta ba nauyi."

"Roba? A idona, kamar kayan wasan yara? Wanda ya raina ni haka ba zan ba shi 'yata ba!"

Hankalin Rahma ya tashi, ta tura masa saƙo: "Hasken idona, ka sa robar ka ce gilashi ne. Wallahi ba zai gane ba."

Ya amsa: "Rahmata, mutumin da ba ya gani sosai zan yi wa ƙarya? In na fara da babanki, gobe ke ce."

Ta yi fushi, ta sha kuka, amma can cikin ranta ta ƙara son sa.

Ranar Juma'a sai ga Zulkifli da sallama a gidan Baba. Ya durƙusa ya buɗe tafin hannu.

"Baba, na gwada gilashin, ga shi ya tsage. Wannan na cikin firam roba ce, ban ɓoye maka ba."

Baba ya karɓa yana ƙunƙuni, ya sa. Ya juya ya dubi Rahma, ya ƙura mata ido.

"Ikon Allah," ya ce. "Yaushe kika koma mamanki sak haka, ban sani ba?"

Ya cire tabarau ya share ido, ya mayar da sauri.

"Yaro, turo manyanka."

Hular da ango ya sa ranar ɗaurin aure, Baba Gajere ne ya ɗinka ta da hannunsa, zare bai kauce ko ɗaya ba. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.