Tabon da Ke Ƙarƙashin Idon Mardiya

Ranar Larabar kasuwar Dutsin-Ma ce Lauratu ta shigo shagon Badaruddeen, rungume da wani tsohon hoto cikin gyale. Ɗalibar jami'a ce, 'yar Kurfi. Shi kuwa gyaran hotuna a kwamfuta ne sana'arsa.

"Malam, wannan zai gyaru kuwa?"

Ya karɓa. Wata mata ce zaune kan kujera, gara ta cinye rabin fuskarta na hagu.

"Mahaifiyata ce, Mardiya. Ina goye ta rasu. Shi kaɗai ne hotonta."

Ya ɗago zai ba ta amsa, idanunsu suka haɗu, maganar ta ɓace masa. Da ƙyar ya ce, "Zai gyaru, in sha Allahu. Amma sai kin riƙa leƙowa."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta kuwa riƙa leƙowa.

Badaruddeen yana da ɗabi'a guda: ya saita manhajarsa tana rubuta duk gyaran da aka yi wa hoto, da lokacin da aka yi shi. Lauratu kan zauna gefensa tana karantawa, an share datti, an ƙara haske, an kwafi kuncin dama an liƙa a hagu. A hankali fuskar ta cika. A hankali kuma hira ta tashi daga hoto ta koma kansu.

"Laurena, yau shagon ya yi mini faɗi da yawa. Kujerarki tana cigiyarki," ya rubuta mata wata rana.

"Ka gaya wa kujera ina da jarabawa. Mai kujerar kuma ya ci abinci," ta amsa.

Wata Juma'a ya kulle shago ya tafi masallaci. Da ya dawo, kwaɗon yana nan yadda ya bar shi. Amma da ya dubi hoton, sai ya ga abin da bai sa ba. Ƙarƙashin idon hagu, inda shi da kansa ya liƙa fata sumul, akwai ɗan siririn tabo mai lanƙwasa.

Ya buɗe tarihin gyaran. Ga shi a rubuce: an ja layi da burushi, daidai lokacin da liman ke huɗuba.

Ya yi addu'a, ya share tabon. Juma'ar da ta zagayo tabon ya sake dawowa, a wurinsa, a kan lokacinsa. Shagon kuma ya ɗauki ƙamshin turaren wuta, alhali shi bai taɓa kunnawa ba. Wannan karon bai share ba. Bai kuma gaya wa Lauratu ba, don kada ta tsorata. Ya wanke hoton a haka ya ba ta.

A Kurfi, Malam Atiku, mahaifinta, yana duban hoton ya nuna ƙarƙashin idon da yatsa.

"Wa ya gaya wa mai gyaran tabon nan? Ƙahon saniya ne ya yanke ta tun tana yarinya. Ke kanki ba ki sani ba."

Munzali, ɗan yayan Malam da ya daɗe yana son Lauratu, ya samu ƙofa. "Baba, ai an sha faɗa. Yaron nan aiki yake da aljanu. Mai wasa da fuskar matattu za a ba 'ya?"

Ranar Malam ya hana ta taka shagon. Da yamma saƙonta ya shigo:

"Badar, ka ce mini duk abin da ka yi wa hoton ina gani. Wannan ban gani ba. Me kake ɓoye mini?"

"Wallahi ba ni na sa shi ba, hasken idona. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

Ya yi ta kira, wayar a kashe.

Abokansa suka ce ya yi ƙarya, ya ce wata tsohuwa ce ta ba shi labarin tabon, a wuce wurin. Ya ƙi. Ya ɗauki kwamfutar, ya hau mota sai Kurfi.

A zaure Malam Atiku ya karɓe shi babu fara'a. Munzali na tsaye bakin ƙofa. Aka kira Inno, kakar Lauratu ta wajen uwa, ta zauna kan tabarma. Lauratu tana bayan labule.

"Baba, na san abin da zan nuna zai iya ƙara ɓata ni," in ji Badaruddeen. "Amma shi ne gaskiya."

Ya bi gyaran ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da hoton baya, fuskar tana ɓacewa tana dawowa a gabansu. Da ya kai kan tabon ya tsaya.

"Wannan ba hannuna ba ne. Ina masallaci, shago a kulle. Na share, ya dawo."

"Ka ji ko, Baba!" Munzali ya ce.

Inno ta ɗaga masa hannu. "Yaro, wane lokaci ka ce?"

"Juma'a, Inno. Ana huɗuba."

Tsohuwar ta dubi Malam Atiku, shi ma ya dube ta.

"A kan cinyata ta cika," Inno ta ce a hankali. "Juma'a, maza duk suna masallaci. Maganarta ta ƙarshe, wai ita baƙin cikinta 'yarta ba za ta san fuskarta ba."

Kuka ya ƙwace wa Lauratu a bayan labule. Munzali ya saka takalmansa ya fita.

Malam Atiku ya daɗe yana jan carbi. "Wanda ya tafi ba ya dawowa," ya ce. "Abin da ya faru a shagonka, Allah ne masani, ni ban sani ba. Amma na san boka ba ya kawo asirinsa zaure ya shimfiɗa. Ka turo magabatanka."

Kafin motar ta fita daga Kurfi wayarsa ta yi ƙara.

"Ka yafe mini, Badar ɗina. Amma daga yau, ko abin tsoro ne, mu ji tsoronsa tare."

"Na yi alkawari, Laurena."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Kurfi, mutanen Dutsin-Ma suka cika mota biyu. Da za a tafi da amarya, Inno ta kama hannun Lauratu ta ɗora kan na Badaruddeen, ta riƙe su gam.

"Ga amana nan. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku tsufa tare ku ga jikokinku da idonku."

Malam Atiku ya juya fuska yana goge ido da bakin rawani. Muryarsa ce ta fi ta kowa ƙarfi wajen cewa amin.