Aljanin da Ya Fito Turin Mota

Babu gidan da ya fi ƙarfin jarrabawa. Ta gidan mai koyar da tuƙi dai ta kan rufin kwano ta sauko, kuma girmanta bai wuce ƙwan kaza ba.

Magariba ta kawo jiki, uwargida tana kwashe shanya. Maigidan ya dawo, ya tsayar da motarsa a tsakiyar lungu kamar kullum, ya kunna sigina biyu, hagu da dama suna ƙyaftawa tare, ya shiga alwala. A fahimtarsa, wannan wutar izini ce ta ajiye mota ko'ina.

Sai dutse ya faɗo. Wani dutsen ya biyo.

Haka aka yi ta yi kullum da yamma. Ranar da abin ya ƙazanta, 'yarsa Auta ce ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, ta tashi da muryar dattijon da aka daɗe ana ɓata wa rai.

Aka ɗauko malami mai ruƙiyya. Maƙwabta suka cika tsakar gida don jaje, har da ɗaliban maigidan, waɗanda jajensu ya fi na kowa neman wurin gani. Malam ya yi karatu har muryarsa ta dushe.

“Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?”

“Ba ruwana da ita,” in ji muryar. “Da ubanta nake. Malam, don Allah tambaye shi, yaushe ake kunna sigina biyu?”

Maigidan ya dubi ɗalibansa, ya dubi ƙasa.

“Idan mota ta mutu a hanya,” ya ce a hankali. “Ko an ga hatsari a gaba, a gargaɗi na baya.”

“Taka ta mutu?”

“Lafiyarta ƙalau.”

“To ni a kwalbatin lungun nan nake da iyalina. Duk yamma idan na ga wuta na ƙyaftawa, in ce bawan Allah ya shiga uku, in taso 'ya'yana mu zo turi. Mu tarar da kai kana goge ƙafa! Tsofai-tsofai da ni.”

Wani ɗalibi ya yi tari mai tsawo.

Aljanin ya nemi a sayar da motar. Malam ya ce abin bai kai nan ba. Aka daidaita a kan maigidan zai riƙa ajiye ta a fili, kuma ya maimaita amsarsa da ƙarfi, saboda na bakin ƙofa ba su ji ba. Ya maimaita, gumi na bin wuyan rigarsa.

Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Tun ranar ba a ƙara jifa ba. Maƙwabcin da motar ke toshe wa ƙofa, wanda tun da aka fara jifan yake fama da ciwon kafaɗa, shi ma a makon ya warke.