Tauraro Bakwai a Kular Inna

Fa'izu yana jingine da mota a ƙofar gidan biki a Bakura, yana ɓare gyaɗa, ya ji sallama a bayansa. Da ya waiwaya sai ya ga wata doguwar yarinya da hijabi ruwan toka, tana ƙare masa kallo kamar mai zaɓen rago a kasuwa.

"Malam, kana iya riƙe sirri?"

Gyaɗar ta tsaya masa a maƙogwaro. Shi da ke noman shinkafa a Bakolori, ba a saba yi masa irin wannan tambaya ba, balle daga bakin mai irin waɗannan idanu.

"In dai naki na, har kabari," ya ce.

Ta yi murmushi ta gaya masa sunanta Hidaya, malamar firamare ce daga Maradun, amarya kuma 'yar goggonta ce. An roƙe ta ta yi wa mata wasan rufa-ido da karta bayan la'asar, ga shi wadda ta saba taimaka mata ba ta zo ba. Ta zaro karta guda daga hannun hijabi, tauraro mai lamba bakwai.

"Ka ɓoye min wagga cikin kayan wata daga cikin baƙi, sannan ka hwaɗa min ko wace ta. Shi ke nan aikinka."

Fa'izu auta ne, kuma duk Talata Mafara an san autan Hajiya Lantana da tsokana. A bayan motar akwai kular waina da Innarsa ta zo da ita, ta naɗe ta da ƙyalle ta yi mata ƙullin nan nata mai kunnuwa uku, wanda take alfahari babu mai iya shi sai ita. Abin da ba ta sani ba, tun yana yaro ya koyi ƙullin, saboda satar nama. Ya kwance, ya ɗora kartar a kan ledar da ta rufe wainar, ya mayar da ƙulli yadda yake.

"Mai koren mayahi da haƙorin Makka," ya gaya wa Hidaya. "Kularta na nan cikin mota."

Bai ce mata mahaifiyarsa ce ba. Ladan aikinsa kawai ya nema, wato lambar waya, kuma ya samu.

Maza ba sa shiga wunin mata, don haka Fa'izu bai ga wasan ba, salatin kawai ya jiyo daga waje. Hidaya ta fara da ƙananan dabaru, ta ɓatar da karta a tafin hannu ta fito da ita daga kunnen amarya, mata suna shewa. Daga nan ta zo kan wanda ta fi so. Ta sake ɗauko wani damin karta ta baje shi a kife, ta durƙusa gaban mai koren mayafi.

"Hajiya, ki ja wadda ranki yab ba ki."

Hajiya Lantana ta kai hannu dama, ta fasa, ta koma hagu ta ja daga can ƙarshe, don kada a yi mata wayo. Tauraro bakwai. Ta nuna wa jama'a ta mayar. Hidaya ta hura wa damin iska, ta ce kartar ta tashi, a aika a ɗauko kular Hajiya daga mota.

Hajiya ta duba ƙullinta da kyau, kunnuwa uku, ba a taɓa ba. Ta kwance da hannunta ta ɗaga murfi. Ba ta yi ihu ba. Ta dai zauna daɓas a kan tabarma, bakinta a buɗe, tana maimaita innalillahi, har tafin da aka fara ya mutu a hannun mutane.

A hanyar komawa Mafara Fa'izu yana ta shirin fashewa da dariya ya faɗi gaskiya, sai ya dubi madubi ya ga Innarsa tana rawar sanyi, ta sa an jefar da kular da wainar a bakin hanya. Dariyar ta koma ciki. Kafin gari ya waye zazzaɓi ya rufe ta, an kira malamin ruƙiyya, an turara gidan. Tsoro ya kama Fa'izu, ya ce a ransa bari ta warware tukuna.

Wayarsa kuwa ba ta huta ba.

"Salam, mai riƙe sirri. Don Allah ya jikin Hajiyar nan? Raina bai kwanta ba tun jiya. In ka san gidansu ka gaishe min da ita."

"Ta samu sauƙi, Tauraruwa. Ni ne dai ban samu ba."

"Wa ya ba ka izinin canza min suna?"

"Kartar da kika ba ni."

Haka aka fara. Ya riƙa zuwa Maradun ranar kasuwa, wai sayen irin gyaɗa, alhali ko kwano bai taɓa dawowa da shi ba. A zauren gidansu ta ba shi labarin yadda ta koyi wasan. Lokacin da suka baro ƙauyensu Gidan Goga saboda 'yan bindiga, ƙannenta ba sa iya barci, ko ƙofa aka buga sai su firgita. Ta ga dabarar a bidiyon waya, ta yi ta gwadawa har hannunta ya faɗa, domin muddin suna neman inda karta ta shige, ba sa sauraren waje.

"Ban taɓa yi don in tsorata kowa ba," ta ce. "Shi yas sa abin Hajiyar nan yat tsaya min a rai."

Fa'izu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Ya so ta a ranar fiye da kullum, kuma ya ji kunyar kansa fiye da kullum, amma bai gaya mata gaskiya ba.

A Mafara labari ya riga ya yi fiffike, kuma mai hura shi ita ce Goggo Kyauta, ƙanwar mahaifin Fa'izu, wadda ta daɗe tana yi masa tanadin 'yarta Taiba. A bakinta kartar ta zama laya, wainar ta zama jini, yarinyar Maradun kuma tana da aljani mai yi mata aike. Don haka ranar da Fa'izu ya durƙusa ya ce ya samu matar aure, ya faɗi sunanta da garinsu, Hajiya Lantana ta saki carbinta.

"Wace Hidaya? Mai karta?"

"Ita ta, Inna."

"To ta gama da kai, Auta. Ta shiga kulata, yanzu ta shiga ɗana. In ina raye ba ta taka gidan ga."

Maganar ba ta tsaya a Mafara ba. Ta kai Maradun, wasu iyaye suka je makaranta suka ce a cire 'ya'yansu daga ajin Hidaya. Mahaifinta ya tattara kartar da ya gani ya zuba a murhu, ya ce kada ya sake ganin yaron nan a ƙofarsa. A nan ne ta ji ko wace ce mai koren mayafi. Saƙonta ya iso Fa'izu yana tsakiyar gona.

"Ashe mahaifiyarka ce. Ka bar ta cikin tsoro, ka bar ni ana kirana bokanya, kai kuma kana zuwa zance da turare. Na tambaye ka ko kana iya riƙe sirri, ban ce ka riƙe shi har ya kashe mu ba. Kada ka sake kirana Tauraruwa."

Ya karanta a tsaye cikin ruwa har gwiwa. Bai ko wanke ƙafa ba ya nufi gida, ya zube gaban Innarsa ya faɗi komai. Ya ɗauko ƙyalle ya yi ƙullin mai kunnuwa uku a gabanta. Ta daɗe tana kallon ƙullin, sannan hawaye suka zubo mata.

"Dibi yadda tam mai da min yaro. Har ƙarya yaka yi wa kainai don ita." Ta share ido. "To na ji, kai kas sa. Hannuna hwa? Kai kaj ja min hannu? Karta ta hi hamsin, ni niz zaɓa, har sai da nic canza wuri. Wa yag gaya mata abin da za ni ja tun ban ja ba?"

Wannan kam Fa'izu ma bai sani ba.

Ya rubuta wa Hidaya: "Na faɗa mata, ba ta yarda ba. Ban cancanci komai daga gare ki ba. Amma Inna ba ta barci, ko kula ta gani sai ta kauce. In ba don ni ba, don ita."

Amsa ba ta zo ba. Ranar Juma'a da hantsi sai ga sallamar Hajiya Larai, uwar amaryar Bakura, wadda ƙawar Hajiya Lantana ce tun suna 'yan mata. A bayanta Hidaya ce, kanta a ƙasa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gajiya da ta jiki, duk Hajiya Lantana tana manne da bango tana motsa baki.

Hidaya ta durƙusa nesa da ita ta fito da damin nan, wanda ya tsira daga murhu don yana cikin jakar makaranta. Wannan ne wasan da ta fi ji da shi, ko ƙannenta ba ta taɓa gaya wa sirrinsa ba, kuma ta san daga yau ya tashi daga aiki.

"Inna, ba sai kin taɓa ba. Ki nuna da baki, Goggo Larai ta ja miki."

Da ƙyar Hajiya ta nuna ta tsakiya. Tauraro bakwai. Ta ja da baya.

"Ki sake, Inna."

Ta nuna ta gefe. Tauraro bakwai. Kafin salati ya fito, Hidaya ta juya damin gaba ɗaya ta watsa shi a kan tabarma. Daga farko har ƙarshe tauraro bakwai ne, babu wata karta dabam ko guda. Ta yi bayani murya ƙasa-ƙasa, cewa ta daɗe tana sayen karta kwali-kwali, tana zare wannan ɗaya daga kowanne tana tarawa.

Hajiya Lantana ta matso, ta sa yatsa ta juya ɗaya, ta juya wata, ta ɗaga wata ta duba bayanta.

"Wanga na duka?"

"Shi na duka, Inna. Ki gahwarce ni."

"Wanga niy yi wa zazzaɓi? Wanga nij jefar wa da kulata sabuwa?"

Ta waiga tana neman Fa'izu, wanda ke laɓe a bakin zaure. Takalmin Hajiya Larai ne ya fi kusa, shi ta wurga masa, kuma ta same shi a goshi. Daga nan dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da hawaye, har haƙorin Makka yana walƙiya. Da ta lafa sai ta dubi yarinyar da ke durƙushe, wadda ta taso tun daga Maradun don tsohuwar da ta ɓata mata suna ta samu barci.

"Taso nan, ɗiyata. Larai, abin da kig gani ya tsaya nan. Ke kuma nuna min yadda aka baje ta."

Da yamma saƙo ya shigo wayar Fa'izu: "Ya goshin?"

"Ya kumbura. Na gode, Hidaya. Ni ma damin kartata irin naki ne, duk wadda na ja ke ce."

"An yafe. Kana iya mayar min da sunana."

Hajiya Lantana da kanta ta je Maradun ta ba mahaifin Hidaya haƙuri, ta bi ta makaranta ta ce a shaida ɗanta ne ya yi ɓarnar, yarinya ba ta da aljani ko na aro. Yaran da aka cire suka koma aji. Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure.

Ranar da aka kawo amarya Mafara, ɗakin Hajiya ya cika da mata. Goggo Kyauta tana gefe da kular tuwonta, fuska a murtuke, tana gaya wa na kusa da ita cewa ita dai har yanzu ba ta yarda ba. Sai Hajiya Lantana ta gyara zama, ta zaro dami daga ƙarƙashin filo ta baje shi a kife, tsaf kamar wadda aka haifa da shi.

"Kyauta, ja wadda ranki yab ba ki."

Don kada a ce ta ji tsoro, Goggo Kyauta ta ja. Hajiya ta karɓa ta mayar, ta hura iska.

"Buɗe kularki."

Goggo ta buɗe. Abin da ta gani a kan tuwon ya sa ta miƙe tsaye ba shiri, ta dubi matar yayanta da suka yi shekaru talatin tare, ta fice ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Ƙarƙashin lulluɓi kafaɗun amarya suna ta girgiza. Tsofaffi suka tausaya, suna cewa kukan rabuwa da gida ne, a yi haƙuri. Hajiya Lantana ta jawo ta jikinta ta dafa kanta.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari, shi kau da tsoro daga gidanku," ta ce da ƙarfi, ɗaki ya amsa da amin.

Sannan ta sunkuya daidai kunnen amaryar.

"Bari dariyar nan haka, kar ki tona mu. Gobe Alhaji baban Auta za mu yi wa."